Mai Walda da Zakaran Matarsa

Zuwa ga Innar yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da ƙaninki da iyalinsa baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwa? In kin tambaye ni, lafiyata ƙalau, sai abin da ba a rasa ba.

Yau sati uku ke nan da tafiyarki. Na kira wayarki har yatsana ya gaji, ba ki ɗauka ba. Tun da ƙaninki direba yana wucewa ta ƙofar shagona duk Litinin da Alhamis, na ce bari in koma irin ta da, in rubuta ya kai miki. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya shekara arba'in yana walda bai san laushin biro ba, takarda biyu na huda kafin wannan.

Kajinki takwas suna nan, babu wadda ta ɓata. Ina watsa musu hatsi da safe kafin in fita, in zuba ruwa a tsohon faranti. Sai dai ƙwai ya ragu, kuma kowace ta kama gabanta, wata a gindin tankin ruwa, wata a ƙarƙashin igiyar shanya. Matar tela ta leƙo ta katanga ta ce wai rashin zakara ne. Na ce mata ba shawara na nema ba.

Amma na ji maganar. Jiya na rufe shago da wuri na shiga kasuwar kaji, na maye miki gurbin zakaranki da ya mutu. Ki zo ki ga abin da ake kira zakara. Baƙi ne wuluk, wuyansa na sheƙi, zankonsa ja wur, ƙafafunsa kamar rodi. A keji shi kaɗai na same shi, domin ya hana sauran sakat, kuma da na miƙa yatsa sai ya kai mini sara. Nan take na ce wannan nake so. Ƙarfe ma da nauyinsa ake gane mai kyau. Naki na da, wanda kike kira Dattijo, ko rabin wannan bai kai ba, ke ma kin sani. Na sa masa suna Ƙato.

To, ga zakara an saya, magana ta ƙare. Mace mai jikoki ba ta tarewa a gidan ƙaninta saboda tsuntsu. Mutane suna tambayata, ina rasa abin faɗa. Ki shirya ki biyo direba ranar Alhamis. Kuma ban san inda kika ajiye allura da zare ba, maɓallan riguna biyu sun cire.

Ki gaida mutanen gidan. Haza wasalam.

Ni ne mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Innar yara,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, da ke da duk na kusa da ke. Ina fata gwiwar tana sauƙi, kuma kina shafa maganin da likita ya ce.

Alhamis biyu sun wuce. Duk sanda ƙaninki ya tsaya sai in leƙa kujerar gaba in ga buhu ne a kai. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai yana gaishe ni kamar shi ya yi laifi. Ban ce masa komai ba. To, na ce, amma ba da yawa ba.

Maganar Ƙato ce ta sa na ɗauki biro. Ban san yadda zan fara ba. In na watsa hatsi, shi ne kan gaba, ya tsaya a tsakiya ya ci ya ƙoshi, duk kazar da ta matso sai ya sare ta. In ya gama sai ya hau bin su, tun safe har rana ta faɗi. Ya fige musu gashin wuya. Wake-wake, wadda kike cewa ta fi kowa ƙwai, bayanta ya zama jan nama, babu gashi ko ɗaya, har da jini. Yanzu ta shige ɗan lungun nan da ke tsakanin tanki da bango, ba ta fitowa. Sai dai in tura mata ruwa da hatsi a murfin gwangwani.

Shekaranjiya iska ta jefo zanen matar tela cikin gidanmu, ta shigo ɗauka. Ai sai ya tashi sama ya dira a bayanta. Ta fita da gudu tana salati, takalminta ɗaya yana nan har yanzu, ta ce ta yafe shi.

Ni kuwa na ce gida ɗaya ba ya ɗaukar maigida biyu. Na yi masa tsawa, ya yi mini cara. Na kai masa shuri, ya dawo da ƙarfinsa. Na jefe shi da takalmi, washegari ya laɓe a bayan bokiti yana jirana. Yau kwana biyar ke nan ina shiga wurin kaji a gidana da murfin tukunya a hannun hagu, tsintsiya a dama, ni da gashin kaina ya yi fari. Duk yadda na ƙara zafi sai ya ƙara. Labari ya kai layin shagunanmu, mai faci da mai fenti suna ta dariya, wai Tartsatsi ya gamu da gamonsa. Kin san sunan da suke kirana ke nan, kuma kin san ba don walda kaɗai ba ne.

Na yarda, na yi wa rogo kallon kitse. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, shekara shida Dattijo ya yi a gidan nan, jikoki suna rarrafe a gabansa, ban taɓa ganin ya buɗe wa wani fiffike ba, ban kuma taɓa ganin kaza da figaggen baya ba. Na ɗauka haka duk zakaru suke. A ina kika samo shi? Ba shawara nake nema ba, tambaya ce kawai.

Ki gaida matar ƙaninki da yaranta. Wasalam.

Mijinki,
Baban yara

*

Zuwa ga Innar yara,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan Allah ya sa kina cikin lafiya da kwanciyar hankali. Takardarki ta iso. Layi biyu ne, babu gaisuwa, amma rubutunki ne, na karanta ya fi sau goma. Kin ce, "Ka fitar da shi daga cikin kajina yau. Ka je wurin Mai Ƙwai a bayan tashar mota, ka yi abin da ta ce, kada ka yi mata gardama."

Ƙato yana wurin mahauci tun ranar. Ko a cikin buhu sai da ya huda mini hannu.

Na je wurin Mai Ƙwai. Ashe 'yar tsohuwa ce ƙarama, ido ɗaya ya yi yana, ga kaji sun kai sittin a wani fili da ta kewaye da tsofaffin kwanon rufi. Da na faɗi ko ni wane ne, ta dube ni daga sama har ƙasa da idon nan mai gani, ta ce ashe kai ne. Na ji nauyin abin har cikin ƙashina.

Ina shiga wani jan ɗan zakara ya rugo ya hau saran igiyar takalmina. Na ce ga shi nan, wannan yana son mutane, a kama mini shi. Ta ce wannan ba son mutane yake yi ba, rainin mutane ne, nan da wata uku a gadon bayanka za ka same shi. Na buɗe baki zan yi magana sai na tuna layinki na biyu. Ta kife bokiti ta ce in zauna, in ɗora hannu a gwiwa, in yi shiru. Ta ɗebi tsaki ta watsa. Ta ce kada in kalli masu ci, in nemo wanda ba ya ci.

Kin san ni, layin mutum biyar a banki ya ishe ni in yi faɗa da mai gadi. Amma na zauna. Da farko ban ga komai ba sai ƙura da wawaso. Rana ta matsa, bayana ya ƙage, ta sake watsawa. A karo na uku na gan shi. Wani siriri ne mai launin toka, wanda in a kasuwa ne ko farashinsa ba zan tambaya ba. Ya ɗauki ƙwayar hatsi, ya sake ta ta faɗi. Ya sake ɗauka, ya sake saki, yana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, tuk tuk tuk. Na ce a raina ba shi da lafiya, maƙogwaronsa ya toshe. Sai ga 'yan matan kaji uku sun rugo, suka cinye abin a gabansa, shi kuwa ya ja baya taku ɗaya, ya ɗaga kai yana duban sama. Ya je wani wurin ya sake yin haka. Innar yara, yunwa yake ji kamar kowa, na ga yadda ƙirjinsa yake ba tsoka. Amma sai da suka ƙoshi suka watse sannan ya tsinci ragowar.

Shekara talatin da huɗu akwai kaji a bayan ɗakina, ina jin wannan tuk tuk tuk ta taga, ban taɓa tambayar me ake cewa ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, to ni ne kazar.

Mai Ƙwai ta ce in tashi in ratsa ta gabansa a hankali. Na tashi na nufe shi. Bai gudu ba, bai kuma tsaya mini ba. Ya kauce gefe kamar yadda mutumin kirki ke kauce wa babba a ƙofa, ya bar ni na wuce, ya koma wurinsa. Ta ce to, ka gani da idonka. Sannan ta gaya mini cewa ke kwana uku kika yi kina zuwa kina zama a kan bokitin nan, da ciwon gwiwarki, kafin ki nuna Dattijo. Ni a lokacin na ɗauka kasuwa kika shiga kika ɗauko duk wanda hannunki ya faɗa a kai.

Ta ba ni sharuɗɗa kamar likita. Kada in riƙa ɗaukarsa ina shafa shi, ba mage ba ce. Kada in bi shi da gudu ko in kai masa shuri ko da wasa. In zan ba da abinci in zuba a gabansa, shi ya kira matansa. Ta ce akwai tsohuwar kaza a gidan? Na ce akwai Goggo. Ta ce to ita ce za ta koya masa ladabi, in ta dake shi kada in raba. Wanda ta fi nanatawa shi ne kada in kuskura in cafki kaza da rana a kan idonsa, in ina son kama wata in bari sai sun shiga akurki. Da zan fita ta ce, "Yadda ka shigo masa, haka zai fito maka." Ban yi gardama ba, ki shaida.

Zakaran nan mai launin toka yana nan a gida tun jiya. Goggo ta riga ta kore shi sau biyu daga faranti.

Ina gaishe ki, ina kuma gaida direba da ya zama ɗan aikenmu ba da son ransa ba.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga Innar yara,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya, ina fata kina samun barci, kuma sanyin safiya bai tayar miki da gwiwa ba. Sati shida ban ji daga gare ki ba. Ban zo da ƙorafi ba, labari na kawo.

Satin farko sabon zakaran ya sha wuya a hannun Goggo. Ta sare shi a ka, ta hana shi hawa sandar akurki, ya kwana a ƙasa. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in raba, na danne. Shi kuwa bai rama ba ko sau ɗaya, sai ya sunkuya ya ba ta wuri. Ranar da ya fara cara na yi dariya har na riƙe ciki, kamar ƙyauren da ya shekara ba a sa masa mai ba. Yanzu muryar ta buɗe. Goggo da kanta take rugowa in ya kira, tana rangaji kamar ba ita ba.

Matar tela ce ta raɗa masa suna Alƙali. Kajinki Ja da Fara suka kaure da faɗa a kan gurbin ƙwai, ya zo ya ratsa tsakaninsu, ya sauke fiffike ɗaya, ya tsaya. Bai sari kowa ba. Faɗan ya mutu a nan. Kuma ko kin san yana shiga kwandon ƙwai ya zauna, ya jujjuya, ya gyara ciyawa da baki yana kiran kaza ta zo ta gani? Kin sani mana. Ni ne ban sani ba. Kukan da yake yi in shirwa ta gifta daban, wanda yake yi in magen tela ta hau katanga daban, kuma kajin sun san bambancin: na farko su shige ƙarƙashin tanki, na biyu su ɗare sanda. Shi kaɗai ke zama a fili. Wa ya koya masa? Daga cikin ƙwai ya fito, bai taɓa ganin ubansa ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya zuba wannan hankali a cikin kan da bai kai girman lemon tsami ba. Yanzu sai tara nake buɗe shago, mai faci yana cewa ko na yi tsufan dare ɗaya ne.

Sai maganar Wake-wake. Ko bayan an fitar da Ƙato ba ta fito daga lungu ba, da ta ji cara sai ta ƙara matsewa a bango. Alƙali ya gano tana nan. Kullum da safe in ya tono tsutsa ko ya kama fara, sai ya je bakin lungun, ya ajiye kamar taku biyu daga wurinta, ya kira, ya ja baya. Ba ta fitowa, wata ta zo ta cinye. Washegari ya sake. Bai taɓa cusa kai ciki ba, alhali zai iya. Na riƙa zana kwanakin da alli a jikin tanki. Rana ta goma sha tara ta miƙo wuya, ta fito da ƙafa ɗaya, ta cafke farar ta koma. Bai motsa ba. Bayan kwana uku ta fito gaba ɗaya, da sabon gashi ƙanana a bayanta, ta yi tono a gefensa. Idona ya kawo ruwa. Na ce hayaƙin walda ne, alhali ranar ko inji ban kunna ba.

Kada ki ce na haɗa ki da kaza. Ni na haɗa kaina da zakara, kuma kin san da wanne.

A takardata ta farko na rubuta zakaranki da ya mutu. Ba mutuwa ya yi ba, ni na kashe shi. Na kawo ƙyauren mutane gida na yi masa fenti na shanya a ƙasa, Dattijo ya bi ta kai, kaji suka bi shi, na fito na ga sawu a kan fenti, na wurga gudumar da ke hannuna. Yanzu da na san yarensu, na tuna abin da na ji kafin in fito. Tuk tuk tuk yake yi. Wani abu ya gani a can gefen ƙyauren yake kiran su. Fentin rabin awa ne gyaransa.

Kika ɗauke shi ba ki ce komai ba. Kika yi sati kina ajiye mini abinci a kan lokaci. Ranar da za ki tafi, a bakin ƙofa, kika ce, "Ba ka taɓa duka na ba, na shaida. Amma shekara talatin da huɗu ban san inda abin hannunka zai faɗa ba." A lokacin na ce maganar mata ce. Yanzu ina tuna kofuna, da rediyo, da yadda yara suke yin tsit in suka ji ƙarar babur ɗina. Kika ciyar da ni, kika rufa mini asiri, ni kuwa na yi na kaza, ci ka goge baki. Na yi laifi, kuma ina jin kunya. Wannan karon ban ce ki dawo ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Baban yara

*

Zuwa ga Innar yara,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gidan. Ina fata kin wuni lafiya. Takardarki ta zo jiya, kin ce in haɗa miki kajinki, za ki zo ki kwashe su, ƙaninki ya yi miki wuri a gidansa. Na gane abin da ake nufi. Wanda ya kwashe kajinsa ba ya da niyyar dawowa.

Zan gaya miki gaskiyar abin da na yi, domin in na ɓoye matar tela ba za ta ɓoye ba. Na karanta a shago, kaina ya yi zafi. Na ce bayan duk abin da na rubuta, amsar ke nan? Na bar aikin taga rabi, na hau babur na nufo gida, ina cewa in kaji take so, yau ɗin nan za a kai mata su. Na banko ƙofar baya da kwando a hannu, rana tsaka. Wake-wake ce kusa da ni. Na cafke ta ta ƙafa, ta tsala kuka.

Ban ga tasowarsa ba. Sai dai na ji abu ya daki ƙwaurina, zafi ya ratsa ni, na saki kazar. Tsinin nan na bayan ƙafarsa ya keta wando ya keta fata. Hannuna ya kai kan rodin da nake tokare ƙofar akurki da shi, na ɗaga sama. Wallahi na ɗaga.

Yana tsaye tsakanina da su. Duk takwas sun taru a bayansa a gindin bango. Gashin wuyansa ya tashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, ƙafafunsa na rawa, ina gani. Tsoro yake ji. Abin da nauyinsa bai kai na gudumata ba, ga ƙato a gabansa da ƙarfe, ga ƙofa a buɗe, ga katanga da zai iya hayewa da tashi ɗaya, bai tafi ba. Bai kuma sake kawo mini hari ba. Ya yi abin da ya wajaba sau ɗaya, ya tsaya yana jiran abin da zan yi. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba a tsakanin mutane, balle tsuntsaye. Jini na gangara cikin takalmina, ni kuwa kallonsa nake yi kamar yau na fara gani.

Na sauke rodin a hankali na jingine shi. Na ja da baya har ƙofa. Na zauna a dakali. Mai Ƙwai ta gargaɗe ni a kan wannan da bakinta, laifina ne daga farko har ƙarshe.

Yau da safe na shiga da hatsi ina ɗingishi, ina zaton na ɓata shi ke nan, ya zama wani Ƙaton. Ya dube ni da ido ɗaya, ya dube ni da ɗayan. Na zuba a gabansa. Ya kira su. Da zan wuce ya kauce mini kamar kullum. Ni da nake riƙe magana shekara goma.

Kajin naki ne, ki zo ki ɗauka. Ki zo ranar Alhamis, zan wuni a shago, ba sai kin gan ni ba, makulli yana wurin matar tela. Abu ɗaya nake roƙo, ki tafi da shi. Ni na zaɓe shi, kuma shi ne abu na farko da na taɓa zaɓa da kyau ba tare da ke ba, amma nasu ne. In aka raba su zai yi ta kira babu mai zuwa, ba zan iya jin wannan ta taga ba.

Allah ya sa ki iso lafiya, ki koma lafiya.

Baban yara

*

Zuwa ga Innar yara,

Ina gaishe ki, ina fata kin koma lafiya, motar ba ta jijjiga miki gwiwa ba.

Jiya ban yi aikin kirki ba. Na haɗa ƙyaure sama a ƙasa, sai da mai shi ya nuna mini. Na ƙi tashi har mai fenti ya rufe, domin ba na son shiga gidan da babu motsi. Da na iso na kashe babur tun daga bakin layi na turo shi. Ina sa makulli sai na ji tuk tuk tuk daga baya. Na tsaya riƙe da ƙofa, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Duk suna nan, su tara. An share akurki, an canza ciyawar kwando, an mayar da farantin ruwa inuwa, inda ya kamata ya kasance tun farko.

Matar tela ta ba ni labari ba tare da na roƙa ba, kuma yau ban ce mata ba shawara na nema ba. Ta ce kin zo da kwanduna biyu da igiya. Kin ajiye su kin zauna a dakali wai ki huta, kika watsa hatsi, ba ki tashi ba sai da inuwa ta juya. Ta ce kin ɗaga ido kin ga zanen allin da ke jikin tanki, kin ƙirga. Kin tambaye ta ko Mai Ƙwai ce ta nuna mini Alƙali, ta ce a'a, ni na gan shi da kaina. Daga nan kika tura hannu cikin buhun hatsi, kika ɗebo kika shinshina, kika ɓata fuska, kika ce, "Ki gaya masa kada ya ƙara sayen hatsi, wannan duk ƙwari ne, bai san mai kyau ba. Ran Asabar ta sama zan zo da shi." Kika ɗauki kwandunanki babu komai a ciki kika tafi.

Ba zan tambaye ki ko za ki kwana ba. In kin ajiye hatsin kin juya, ba zan ce uffan ba. In kina so in tafi shago ranar, ki faɗa wa direba, zan tafi. In ba ki aiko da komai ba, za ki same ni a gida, hannuwana babu komai a cikinsu.

Matar tela ta ce har kin kai ƙofa kika juyo, kika tambaye ta ko na je an wanke mini ciwon. Na je yau da safe, an yi ɗinki uku. Ƙafar da sauƙi. Na gode da kika tambaya.

Ni ne naki,
Baban yara